Delfina, 'Yar Ungozomar Pachilaj

Duk wanda ya san Delfina Saquic zai gaya maka bai taɓa ganin ta gama cin abinci a zaune ba. Za ta naɗe ƙafa a kan tabarma kamar kowa, ta zaro tortiya, wainar masararsu, mai zafi daga cikin ƙyalle, ta dangwali wake. Kafin ka ɗaga kai ta miƙe, tana tauna tana leƙen ƙofa, tana tambaya ko motar kasuwa ta wuce. Mahaifiyarta, Doña Bartola, ungozomar ƙauyen Pachilaj, takan ce tun a ciki haka take. Ita da ta karɓi haihuwar rabin ƙauyen, tata 'yar ce kaɗai ba ta jira an shimfiɗa mata tabarma ba. A gonar masara ta faɗo, tsakanin kunya da kunya, rana tsaka. Da aka kai maganar wurin tsohon da ke lissafin ranaku, ya watsa jajayen 'ya'yan itacensa a kan ƙyalle, ya ce ranar hanya aka haife ta. Bartola ta ce, "To, wannan ai mun gani."

Shekarun tashin hankali ne a duwatsun Guatemala, lokacin da namiji zai fita gona da fartanya a kafaɗa, shi ke nan. Mahaifin Delfina na cikin waɗanda ba su dawo ba. Bartola ta rage da 'ya'ya mata biyu, Delfina da ƙanwarta Ofelia. In kaka ta yi sai su cika bayan babbar mota da sauran mutanen ƙauye, a gangara da su bakin teku tsinkar kofi, su dawo da zazzaɓi da ƙafafu a kumbure. Ofelia yarinya ce mai sanyin hali. In ta ɗaura igiyar masaƙa a ƙugunta ta durƙusa, sai rana ta juya ba ta motsa ba. Ita kuwa Delfina ko tsuntsu ɗaya ba ta taɓa gamawa a jikin riga ba, duk tsuntsayenta fiffike ɗaya gare su.

Bartola ta so ɗaya daga cikinsu ta gaje ta. Ofelia ba ta iya ganin jini, Delfina ba ta iya jira, aikin ungozoma kuwa yawancinsa jira ne. Sai aka bar Delfina da makaranta, tunda can ma akwai tafiya. Ta samu takardar koyarwa, ta shiga aji, ba ta rufa shekara ba ta ce bangon ajin yana matse mata ƙirji. Ta tsaya a shagon magani a birnin Xela, nan ma ba ta daɗe ba. Daga baya ta ji ana karatun ƙarshen mako a jami'a, na nazarin al'adu da zamantakewar mutane, ta shiga.

Ranar da ta je gida da labarin, Bartola na ƙasa a gaban dutsen niƙa.

"Me kika ce kina karantawa?"

"Mutane, Inna."

"Waɗanne mutane?"

"To... mu."

Bartola ta dakata da niƙan. "Sai kin hau mota kin je Xela kafin ki karanta mu? Zo ki karɓi dutsen nan, yanzu ki karance ni tas."

Ofelia ta yi dariya har zaren ya kuɓuce mata. Amma Delfina ta gama karatun, kuma shi ne abu na farko da ta gama a rayuwarta. Abin da ya riƙe ta shi ne wata magana da aka yi ta nanata musu, cewa akwai masu nazari don su rubuta littafi a ajiye, akwai kuma masu nazari don a gyara wani abu da shi. Tun ranar farko ta san na biyun ne nata.

Aikinta na farko na murhu ne. Wata ƙungiyar agaji ta gina wa mata murhun bulo mai bututu don hayaƙi ya daina cin idanunsu da ƙirjin 'ya'yansu, sai aka dawo aka tarar an ɗora kwandon kaji a kan murhun, ana girki a kan duwatsu uku kamar da. Aka tura Delfina ta gano dalili. Ta kwana gidaje, ta sha sanyin asuba tare da su, ta ga cewa murhun bulo yana dafa wake amma ba ya ɗumama kowa, ga shi da tsawo mace ba ta iya durƙusawa a gabansa, ga masarar da aka rataye a rufi ƙwari sun fara ci tunda hayaƙi ya daina isa gare ta. Aka rage masa tsawo, aka buɗe gefe ɗaya don a ji wuta. Wasu suka karɓa, wasu kaji suka ci gaba da kwana a kai. A lokacin ne aka fara kiranta Seño, kamar yadda ake kiran malamai da matan birni, har tsofaffin da suka san ta tana yawo da majina.

A lokacin kuma ta auri Rigoberto, malamin firamare mai haƙuri, wanda ya ɗauka in aka haihu za ta zauna. Aka haifi Yesenia. Yarinyar ba ta fara tafiya ba Delfina ta koma hanya, ta bar ta wurin uwar mijinta.

Tana babban birni, a wani taro, tana nuna hotunan murhu a jikin bango, ranar da Ofelia ta haihu. Da hantsi ne, namiji, lafiyayye, a hannun Bartola. Sai mabiyiya ta ƙi fita duka, jini ya ɓalle. Bartola ta yi abin da ta sani, ta ga ya fi ƙarfinta, ta ce a kai ta asibiti. Mijin Ofelia yana bakin teku yankan rake, iyayensa suka ce su ba za su fitar da matar mutum daga gida ba ya nan ba. Ita kanta Ofelia ta riƙe zanin uwarta tana cewa, "Inna, kada ki bari. Can tuɓe ni za su yi, ba mai jin maganata, in mutu cikin sanyi." Aka yi ta ja-in-ja, rana na tafiya. Da aka yarda a ƙarshe, aka ɗaura ta a kujera, wani ya goya ta zuwa bakin titi. Ba su kai titin ba.

Delfina ta iso an riga an rufe ta. Ta tarar da masaƙar Ofelia rataye a ginshiƙi da rigar da ba a gama ba, ta tarar da Bartola rungume da jariri. Aka fara zaman addu'o'i. Delfina ta zauna rana ɗaya, ta biyu ta fara zagaye gidan, ta uku ta ɗauki jakarta. Mata suka yi ta cewa, ku duba, ko makokin ƙanwarta ba za ta iya zama ba.

Ba birni ta koma ba. Ƙauyen gaba ta tafi, gidan wata mata da ta rasu wajen haihuwa bara. Daga nan ta wuce wani, daga nan wani. Ta ajiye maganar murhu gaba ɗaya. Ba a shiga gidan da aka yi rashi da tambaya a baki, sai an zauna, an dawo, an sake dawowa, abin da jikinta bai taɓa so ba ke nan. Sai ta samo dabara: da ta shiga take neman kwandon masara, ta yi ta murzawa. In hannunta na aiki, ƙafarta takan haƙura. A kan kwandon nan aka ba ta labarai da yawa, kuma kusan duk labarin Ofelia ne da wani suna. Ungozoma takan gane haɗari da wuri, amma ba ita ke da ikon cewa a tafi ba. Mai ikon yana bakin teku ko ya tsallaka Amurka. In an same shi, sai tsoro ya tare hanya, don kowa na da goggon da aka kai asibiti aka yi mata tsawa da Sifaniyancin da ba ta ji, aka cire mata zani a gaban maza, aka jefa mabiyiyar ɗanta a shara maimakon a binne ta a gida.

Da ta ga abin ya ishe ta, sai ta nufi asibitin lardin. Shugabar ɗakin haihuwa wata Dokta Arriaga ce, 'yar birni, gajeruwa, idanunta kullum ja don rashin barci. Ta karɓi Delfina a tsaye a bakin famfo, tana wanke hannu.

"Ke ce mai binciken? Kin zo ki gaya mini mu ne ke kashe su?"

"A'a, Dokta. Na zo in gaya miki abin da ya sa suke zuwa a makare."

"Na san suna zuwa a makare. A kawo mini mace jininta ya ƙare, leɓenta fari fat, in ta cika a ce asibiti ya cinye ta. Faɗi, ina da mata a kan gado."

Delfina ta ce a bar kowace mace ta shigo da wadda ke jin harshensu na K'iche' da kuma Sifaniyanci, ta tsaya kusa da ita.

"A wane fili? Ɗakin nan mu ma da gefe muke wucewa."

Ta ce a bar su su haihu a durƙushe.

"Ba zai yiwu ba. Ni ba a koya mini aiki a kwance a ƙasa ba."

Ta ce to a mayar musu da mabiyiya.

Likitar ta juyo da hannu a jiƙe. "Me?" Delfina ta sake faɗa, ta yi bayani. Likitar ta ce, "Shekara da shekaru ina nan, ba wanda ya taɓa roƙona wannan."

"Sun roƙa. Da K'iche' suka roƙa."

Ranar Delfina ba ta samu komai ba sai izinin mayar da mabiyiya. Amma ta dawo washegari, ta dawo jibi, ta zama kamar ƙuda a ɗakin, har mai gadi ya daina tambayarta wurin wa ta zo. Likitar kan ce, "Seño, ke ba ki da gida ne?" A hankali aka yarda da mai rakiya ɗaya, in za ta tsaya wajen kan gado kada ta taɓa komai. Kunun masara mai zafi ma aka bari a shigo da shi bayan haihuwa. Durƙuso kam har yau ba a gama wannan rigimar ba.

Ta ɗauka ungozomomi za su yi murna. Ta tara su a zauren coci, suka zo da gyalensu ninke a ka, suka zauna suna kallonta kamar mai tallar jabun magani. Wata tsohuwa mai haƙoran azurfa ce ta fara.

"To Seño, an gama sayar da mu? Yanzu mu ne masu kai wa likita nama?"

"Goggo, ba wanda zai karɓe muku aiki. Sai wadda ta fi ƙarfin—"

"Ji mana! Ke da kika haifi ƙwaya ɗaya tak, kika jefa wa uwar miji kika kama hanya, ke ce za ki koya mana haihuwa?"

Zauren ya ɗauki dariya. Delfina ta yi dariyar ita ma. A 'yan watannin nan ne Rigoberto ya kwashe littattafansa ya koma gidan iyayensa, ba faɗa, ba zagi. Ya ce mata kawai, "Na gaji da dafa wa mutum biyu, in ci ni kaɗai." Yesenia kuwa, in uwarta ta zo ganinta, takan tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Kaka, ga Seño ta zo." Da wasa take faɗa, amma abin yakan bi Delfina har cikin mota.

Bartola ba ta zo taron ba. Tun rasuwar Ofelia ta daina amsa kira, in an zo sai ta ce a nemi wata. Sai da ɗan Ofelia ya shiga makaranta ta sake ɗaukar almakashinta, don ƙauyen ba shi da wata. Ba ta taɓa tambayar Delfina aikinta ba, Delfina ma ba ta taɓa kawo mata zancen ba. A tsakanin nan Delfina ta samo 'yan mata da zawarawa masu jin harshen biyu, ta koya musu ƙofofin asibiti da sunayen abubuwa da yadda ake tsayawa a gaban nas ba tare da sunkuyar da kai ba. Wasu ungozomomin suka fara kiransu a ɓoye.

Wata safiyar kasuwa, Delfina na tsaye a bayan a-kori-kura za ta wani ƙauye, wayarta ta yi ƙara. Muryar Bartola ce, a wayar maƙwabta, tana ɗaga murya kamar mai kira daga wancan dutse.

"Kina ina?"

"Ina hanya, Inna."

"Na sani kina hanya, wace hanya? Zo gidan Tat Eusebio. Yanzu."

Ta buga rufin motar ta dira. Tat Eusebio, wato Baba Eusebio, dattijo ne a Pachilaj, mai riƙe da sandar shugabancin gari a da, mutumin da ba a mayar masa da magana. Matar ɗansa, Florinda, cikinta bai cika wata tara ba. Delfina ta same ta kwance kusa da wuta, fuskarta ta kumbura har idanun sun shige, tana dafe da kai. Bartola ta ja 'yarta gefe ta ce, "Wannan ba nawa ba ne. Na taɓa ganin irinsa. Jijjiga ce ke tafe."

Tat Eusebio na zaune a tsakar gida da hularsa a gwiwa. Delfina ta sunkuya ta gaishe shi kamar yadda ya kamata, ta faɗa masa.

"Mijinta ba ya nan," in ji shi.

"Sai mu kira shi, Tat."

Aka kira. Wilmer, mijin Florinda, yana Amurka, a kan rufin wani gida, ana jin ƙarar guduma a bayansa. Ya saurara, ya yi ta cewa to, to. A ƙarshe ya ce, "Seño, abin da Baba ya ce shi ke nan. Ni ina nan, ban ga komai ba."

"Ka ji," in ji tsohon. "Matan gidan nan duk a ɗakin nan suka haihu. In aka kai ta yanka ta za su yi. Macen da aka yanka ba ta ƙara ɗaukar itace, ba ta ƙara shiga ɗakin wankan tururi yadda ya kamata. Ta zama rabin mace."

Delfina ta san abin da ake yi a irin wannan wuri. Ita ce ma ke koya wa 'yan matanta: a zauna, a bar dattijo ya gama, a ba shi hanyar da zai yarda ba tare da ya ji an kayar da shi ba. Amma tana jin nishin Florinda ta jikin bango, ga rana na hawa, sai bakinta ya riga ta.

"Rabin mace ya fi gawa, Tat. Ko itacen da za a yi mata akwatin gawa da shi ne kake tanadi?"

Tsohon ya ɗauki hularsa ya sa, ya ce a hankali, "Fita mini daga gida."

Ta tsaya, ta san ta ɓata. Sai Bartola ta fito daga ɗaki. Ba ta dubi 'yarta ba. Ta je gaban tsohon ta durƙusa, ita da ta girme shi.

"Eusebio, ni na karɓi Wilmer, ni na yanke masa cibiya. Tawa 'yar na bari aka yi ta shawara a kanta har ta tafi. Wannan ni zan kai ta, hannuna ba zai saki nata ba. In ta mutu can, ka ce ni ce."

Delfina ta shiga ɗaki ta tsuguna, ta yi abin da ba wanda ya yi tun safe, ta tambayi mai ciwon.

"Florinda, ke me kika ce?"

"Seño, ba na ganin fuskokinku sosai," in ji ta. "Ku kai ni."

Sai matar Tat Eusebio ta tashi ta ɗauko babban bargon gidan ta lulluɓe ta da shi, ta leƙa ta kira maƙwabta su kawo kujera. Tsohon ya miƙe ya zagaya bayan gida, bai hana ba, bai kuma ce a tafi ba.

A cikin mota jijjigar ta kama ta, a kan lanƙwasar da ke gangara kwari. Bartola ta juya ta gefe ta tallafe kanta, Delfina na ihu a waya tana gaya wa asibiti suna tafe, tana buga rufi tana ce wa direba ya taka. A ƙofa mai gadi ya tare Bartola, tsohuwa ba takalmi, ya ce mutum ɗaya kawai. Dokta Arriaga ta fito da gudu, ta dubi Florinda, ta dubi tsohuwar da ta ƙi sakin hannu, ta ce, "Bar ta." Aka zura wa Bartola koriyar riga a kan rigar saƙinta, ta sauko mata har ƙasa, aka ɗaura mata hula a kan kitso. Amma a ƙofar ɗakin tiyata likitar ta tsaya ta ce, "Nan kam a'a, ko uwata ce." Delfina ta fassara. Bartola ta daɗe tana kallon hannun da ta yi alkawarin ba za ta saki ba, sannan ta sake shi. Aka miƙo mata ɗamarar Florinda, ta tsaya da ita a bakin ƙofa. Delfina ta yi ta kai da kawo a barandar har wata nas ta ce za ta cinye musu siminti.

Aka ciro mace, 'yar mitsitsiya, aka sa ta a kwalba. Florinda ta farka washegari tana tambayar inda take, aka amsa mata da harshenta. Bartola ta koma gida a bas da mabiyiya a cikin leda a kan cinyarta, ta rufe da gyale. Delfina na gefenta. Sun yi nisa, sai Bartola ta ce, tana kallon taga, "Wurin nan da sanyi. Ofelia ta yi gaskiya." Can kuma ta ce, "Amma matar nan hannunta da sauri."

Jaririyar ta rayu. Florinda ta daɗe ba ta ɗauki kaya ba, kamar yadda tsohon ya faɗa, kuma har ya bar duniya bai sake amsa gaisuwar Delfina ba. In sun haɗu a hanya sai ya juya yana duba masarar wani. Labarin dai ya zagaya duwatsun, musamman na Bartola cikin koriyar riga, wanda aka yi ta ƙara masa gishiri. Tsohuwar nan mai haƙoran azurfa da kanta ta aiko a ba ta lambar masu rakiya, ta ce ba don tana bukata ba ne, don dai ta ajiye.

Ba kowa aka ceto ba. An yi wadda aka kai da wuri ta rasu, danginta suka zo suka zazzaga wa mai rakiyar zagi a ƙofar gidansu. An yi damina da dutse ya zubo ya rufe hanya, aka rasa mata biyu. Amma aikin ya kafu, masu rakiya suka zaɓi shugabarsu, suka san direbobin kowane ƙauye, suka iya faɗa da nas ba tare da an kore su ba. Wata rana Delfina ta lura wayarta ta yi kwanaki ba ta yi ƙara ba. Ta kira su ta ji ko lafiya. Suka ce, "Lafiya lau, Seño, mun kai uku a makon nan. Ki huta." Ta ajiye wayar ta rasa inda za ta sa kanta.

Aka ba ta ofis a babban birni, don ta tsara yadda za a yi irin wannan a wasu larduna. Kujera mai juyawa, taga da ba ta buɗuwa. Yesenia, wadda a lokacin take karatun jinya a birnin, takan biyo su ci abincin rana tare, kuma a nan ne suka fara hira irin ta manya, da ɗan dari-dari, kamar maƙwabtan da suka daɗe ba su gaisa ba. Ita ce ma ta ce mata wata rana, "Mama, kin rame. Ofis ɗin nan zai kashe ki. Tafi, ni ba yarinya ba ce yanzu." Damina ba ta ƙare ba Delfina ta miƙa makulli.

Arewa ta nufa, ƙasar zafi, inda ƙauyuka ke bakin kogi, asibiti kuwa sai an wuni a kwalekwale. Mutanen can harshen Q'eqchi' suke yi, ba ta jin ko gaisuwarsu. Ga furfura ta fara, ga gwiwa na ciwo, ga zaninta mai kauri na mutanen dutse yana dafa ta da gumi. Ta shiga kwalekwale da wasu mata da suka dawo daga kasuwa, ta haɗa 'yan kalmomin da ta koya a hanya, ta ce musu tana jin ƙishirwa. Matan suka dubi juna, suka fashe da dariya har kwalekwalen ya yi tangal-tangal. Wata da ke jin Sifaniyanci kaɗan ta share hawaye ta ce, "Baiwar Allah, cewa kika yi kina neman miji."

"Ga wannan," in ji wata, tana nuna tsohon da ke tuƙi, "haƙori biyu gare shi, amma kwalekwalen nasa ne."

Tsohon ya gyara hula ya ce a gaya mata yana da alade ma. Aka miƙo mata ƙoƙon ruwa, ta sha, ta sa aka maimaita mata kalmar daidai har bakinta ya kama. Sannan ta tambayi wa ke karɓar haihuwa a wajen nan. Suka ce akwai wata tsohuwa can sama, bayan inda kogin ya rabu, amma ba ta son baƙi, kuma yau ba za a kai ba.

Delfina ta ce wa mai fassarar, "Tambayar mini angon, gobe da wane lokaci yake tashi?"